Ruwan Jini Da Ma'aikatan Da Ke Cikinsa

Darasinmu na wannan fitowa a kan jini ne, amma ba jan nan da muka saba gani ba. Idan aka ɗebi jininki a asibiti aka juya shi a na'ura, rabuwa yake yi biyu: ja ya kwanta ƙasa, wani ruwa rawaya-rawaya ya taso sama. Shi likitoci ke kira filasma, kuma shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na jinin. Kin ma taɓa ganin irinsa: ruwan bororon da ke tasowa idan mai ya fallatso miki wajen suya, daga gare shi yake. Mafi yawansa ruwa ne, sai kamar kashi 7 cikin 100 furotin, wato sinadaran gina jiki. Manyansu iri uku ne, kowanne da aikin da Allah Ya ɗora masa.

Na farko, wanda ya fi rabinsu, shi ne albumin. Hanta ce ke haɗa shi daga abincin da muke ci. Ɗan dako ne, yana ɗaukar magunguna da wasu sinadarai ya zaga da su jiki. Amma babban aikinsa shi ne riƙe ruwa cikin hanyoyin jini. Idan ya yi ƙaranci sai ruwan ya riƙa tsattsafowa ya taru a ƙafa da fuska da ciki.

To a nan nake so ki natsu. An yaye yaro, ba ya samun komai sai koko tsura safe da yamma. Kwana kaɗan ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ga ƙyuya da rashin walwala. Wata ta ce ƙiba ce, wata ta ce ya sha ciki, wata ma ta ce sammu. Wannan ciwo shi ne kwashoko. Wata likita 'yar ƙasar Jamaika, Cicely Williams, ita ta shigar da sunan cikin ilmin likitanci a 1935, daga harshen Ga na ƙasar Gana, inda yake nufin ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Kin ga su ma sun lura da abin da kakanninmu suka lura da shi; sai dai laifin ba na nonon mai ciki ba ne, na abincin da yaron ya koma ci ne. Ga gwajin da za ki iya yi a ɗaki: danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku. In kin ɗaga wurin ya lotsa, asibiti a ranar. Kada ki ce za ki ɗura masa ƙwai a gida, irin wannan yaro madara ta musamman ake fara ba shi sannu-sannu. Riga-kafi kuwa a madafinki yake: gyaɗa ko waken suya a cikin kokon, alale, awara, nono, ɗan kifi in an samu.

Haka mai ciki. Ɗan kumburin ƙafa da yamma ba abin tsoro ba ne. Amma fuska da hannuwa su kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba na jira ba ne. Gwajin fitsarin da ake yi miki a awo, albumin ake nema, domin ƙoda mai lafiya ba ta barinsa ya zube. In aka same shi tare da hawan jini, jijjiga na iya biyo baya. Don Allah a daina tsallake awo wai don layi ya yi tsawo.

Na biyu gulobulin. Wasunsu dako suke yi, kamar mai ɗaukar sinadarin ƙarfe. Wasu kuwa sojoji ne masu yaƙar ƙwayoyin cuta. A watanni ukun ƙarshe na ciki uwa tana tura wa ɗanta sojojinta ta mabiyiya, shi ya sa allurar sarƙe haƙora da aka yi miki take kare jaririn. Dakashin nan ma da wasu ke matsewa su zubar, cike yake da irin waɗannan sojoji masu tsare hanjin jariri. A ba shi tun sa'ar farko.

Na uku fibirinojin, ɗan kaɗan ne. Idan kin yanke, shi ke rikiɗa ya zama zare-zare kamar raga, ya kama ƙwayoyin jini har wurin ya toshe. Cikin hikimar Ubangiji, yawansa ƙaruwa yake yi lokacin ciki, tanadin ranar haihuwa. Amma yana ƙarewa fa. Idan jini ya ɓalle ya wuce rabin lita, ana ta canza zane yana jiƙewa, to ba a jiran gari ya waye ko maigida ya dawo, domin in ya ƙare jinin ba ya daskarewa sai an yi ƙari. Tun cikin yana wata bakwai ki san rukunin jininki, ku zauna da maigida a tsayar da wanda zai bayar da jini da motar da za a kira ko da tsakar dare.