Yadda za ka kare safar hannunka daga ruwan damina

Duk mai hawan babur daga Yankara zuwa Sheme ko Funtua a watan Agusta ya san yadda marka ke jiƙa safar hannu sharkaf. Ruwan kansa bai cika lalata fata ba, wajen shanya ake kashe ta.

Fara tabbatar da cewa fata ce ta gaske. Ta roba mai ƙyalli ba ta shan mai, kada ka wahalar da kanka. Ni na fi son ta gwanjo mai kauri.

Kafin ruwa ya sauka, goge ƙurar da tsumma mai ɗan laima. Narka man kaɗe cokali biyu da kakin zuma cokali ɗaya a gwangwani, kan garwashi. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Idan ya huce, sa safar a hannu, ka lakato kaɗan ka murza kamar mai wanke hannu, ka bi ɗinkin tsakanin yatsu, don ta nan ruwa ke shiga. Tafin kuwa ɗan kaɗan ya isa, in ba haka ba totur da birki za su riƙa zame maka. Bar ta ta kwana, da safe ka goge saura. Masu cewa a shafa baƙin mai, rabu da su: yana cin ɗinki, yana ɓata fatar hannu. Man gyaɗa kuma ɓera yake gayyatowa.

To, ranar da ruwa ya ba ka kashi fa? Kada ka murɗe ta. Naɗe ta a tawul ka danna. Daga nan ka yayyaga tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, ka nannaɗe siri-siri ka tura cikin kowane yatsa har ƙarshe, sannan ka cika tafin. Takardar na yin laima ka canza, ko sau uku ne. Ƙarshen yatsun ne ke daɗewa da ruwa. Sama ta bushe, ciki na wari.

Cire takardar, ka kafa kara biyu a rumfa inda iska ke kaɗawa, ka kifa kowace safa a kai, baki a buɗe. Ban da bakin murhu, ban da kan salansa, ban da ranar tsaka a kan kwano. Zafi yana tsotse man da ke cikin fata, ta ƙanƙance ta sandare kamar ƙirgi, sai tsagewa. A lokacin marka takan kai kwana biyu, shi ya sa mai acaba ke buƙatar ta canji. Da sauran 'yar laima ka sa ta, ka dunƙula hannu ka buɗe har ta yi laushi, ka ƙara mai.

Kada ta kwana jiƙe cikin leda, funfuna za ta yi. Ranar feshin maganin ciyawa a gonar masara kuma ajiye ta gida, fata tana shan guba. Ta roba ake sawa.