Darasi: Ta Wace Hanya Za a Aika Takardun Neman Zama Ɗan Ƙasa?

 Waɗanda suka fara zama a sansanin Sayam Foraj tun ƙarshen 2014 sun haura shekara 10 a Nijar. Shi ya sa tambaya kan zama ɗan ƙasa ta yawaita, kuma tare da ita ake tambayar yadda za a aika takardun: ta gidan waya, ta kamfanin kai saƙo, ko ta tashar mota? Darasinmu na yau a kan wannan yake, domin takardar da aka yi wata da watanni ana nema tana iya salwanta a rana ɗaya.

Abu biyu da ake haɗawa

Akwai wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Nijar ne, ko da a Najeriya aka haife shi. Shi abin da yake nema takardar shaidar ɗan ƙasa ce, kuma kotu ce ke bayar da ita. Akwai kuma baƙon da yake roƙon a ba shi zama ɗan ƙasa. Dokar Nijar ta 1984 ta sa sharaɗin zama na shekara 10, sannan a yi bincike, sannan gwamnati ta yanke shawara a Yamai. Sashe na 34 na yarjejeniyar ƴan gudun hijira ta 1951 ya buƙaci ƙasashe su sauƙaƙa wannan hanya, amma bai ce dole a ba kowa ba. Mu kuma sani cewa wanda ya samu sabuwar ƙasa ya fita daga matsayin ɗan gudun hijira. Saboda haka a yi shawara da iyali tukuna.

Tambaya kafin aikawa

Matambayi ba ya ɓata. Wasu ofisoshin ba sa karɓar takarda sai mai ita ya zo da kansa ya sa hannu. Idan aka aika musu ta waya, kuɗin ya tafi a banza. Don haka a fara zuwa wurin ma'aikatan kare haƙƙi na HCR a tambayi abu uku: wane ofishi ne ke karɓa, ko yana karɓa ta hanyar aike, da kuma ko takardun ainihi yake so ko kwafi. Wannan shawara kyauta ce. Duk wanda ya nemi kuɗi a kanta, a kai ƙararsa.

Wanda kuma yake son aika wasiƙa zuwa wata hukumar Najeriya don neman takarda, ya fara sanar da ma'aikatan, domin irin wannan hulɗa tana iya shafar matsayinsa.

Hanyoyi huɗu

1. Wasiƙa ta yau da kullum. A manna tambur, wato kan sarki, a jefa. Ita ce mafi araha, amma ba rasit, ba lamba, ba wanda zai sa hannu ya karɓa. In ta ɓata, babu inda za a fara nema. Ta dace da gaisuwa, ba ta dace da takardar haihuwa ba.

2. Wasiƙa mai rajista, wadda ma'aikatan gidan waya ke kira rekomande. Ana ƙara kuɗi, a ba mai aikawa rasit mai lamba da hatimin ranar, kuma ba a miƙa ta sai mai karɓa ya sa hannu. Ana iya ƙara wani kuɗin a haɗa da katin shaidar karɓa, wanda ake kira AR. Mai karɓa zai sa hannu a katin, a dawo da shi ga mai aikawa. Ba lallai ta fi ta yau da kullum sauri ba. Amfaninta shi ne shaida.

3. Saƙon gaggawa. Akwai EMS na gidajen waya, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu irin su DHL. Sun fi sauri, ana bin sawun saƙon ta intanet, amma sun fi tsada ƙwarai, kuma ofisoshinsu a manyan birane suke.

4. Tashar mota. Kamfanonin motocin safa suna karɓar saƙo su ba da tikiti. Sai dai saƙon a tasha yake tsayawa, dole a samu wanda zai je ya ɗauka ya kai ofis. Tikitin yana nuna cewa saƙon ya isa tasha ne kawai, ba ya nuna ofis ya karɓa. Ba wa direba ko matafiyi a hannu kuwa, wannan amana ce kawai, babu shaida ko kaɗan.

Yadda za mu zaɓa

Na farko, a dubi adireshin. A Nijar yawancin wasiƙu akwatin gidan waya ake kai su, wanda ake rubuta wa B.P. da lamba. Gidan waya ne kaɗai ke zuba wasiƙa a wannan akwati. Kamfanonin gaggawa galibi suna neman sunan unguwa ko titi da lambar wayar mai karɓa. Idan B.P. kaɗai aka ba mu, hanyarmu gidan waya ce.

Na biyu, a dubi wa'adi. Takardar kotu mai nuna cewa mutum ba shi da tabon laifi, bisa al'ada ba a karɓarta idan ta wuce wata 3. Daga Diffa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300, ta Damagaram da Maraɗi da Dosso. A ce mutum ya karɓi takardarsa, ya yi wata biyu da rabi yana haɗa sauran. Kwana 15 kaɗai suka rage masa. Wannan ya kamata ya biya kuɗin gaggawa, ko ya sake karɓo sabuwa. Dabarar ita ce a fara tara takardun da ba sa lalacewa, a bar mai wa'adi ta zama ta ƙarshe.

Na uku, a dubi abin da ke cikin ambulan. Idan kwafi ne, ko ya ɓata ana iya sakewa, wasiƙa mai rajista ta wadatar. Idan takardar ainihi ce da aka tsallako da ita daga Damasak ko Malam Fatori, wadda sake samunta zai yi wuya, gara mutum ya kai da hannunsa. Katin ɗan gudun hijira kuwa ba a saka shi a ambulan ko kaɗan.

Mu sani kuma, saurin saƙo ba ya sa a yi saurin duba takarda. Ko da jirgi aka kai ta, layi za ta bi.

Ranar aikawa

A yi kwafin kowace takarda, a kai ma'aikatar magajin gari a buga hatimin tabbatarwa idan an buƙaci haka. A ɗauki hoton kowace da waya. A duba ko rubutun suna iri ɗaya ne a ko'ina, domin Musa a takardar Najeriya yana iya zama Moussa a ta Nijar, kuma wannan kaɗai yana iya tsayar da aiki. A rubuta jerin abin da ke ciki a takarda biyu, ɗaya a ambulan, ɗaya a gida. A sa takardun cikin leda saboda ruwa da ƙura. Kada a sa kuɗi. A bayan ambulan a rubuta suna da lambar wayar da ke aiki.

Kafin a bar wurin, a duba rasit. Saƙon da zai fita ƙasar waje ta gidan waya yana da lamba mai haruffa 2, alƙaluma 9, sai haruffa 2 a ƙarshe. Mai rajista da R take farawa, ta EMS da E, kuma wadda aka aika daga Nijar da NE take ƙarewa. A tambayi ma'aikacin kwana nawa za a jira, a rubuta ranar. Idan ta wuce ba labari, a koma da rasit a shigar da ƙorafi, a kuma sanar da ma'aikatan kare haƙƙi.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wata uwa an ba ta adireshi mai B.P. kawai. Wace hanya za ta bi, kuma me ya sa?
2. Mene ne bambancin tikitin tasha da katin shaidar karɓa?
3. Wace takarda ya kamata a karɓo a ƙarshe?

Muna roƙon masu karatu su karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman dattawa da iyaye mata. Allah ya sa mu dace.