GANUWAR SURAME: AIKIN SAMUDAWA NE KO NA 'YAN ADAM?

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, duk lokacin da aka ga wani gini na dā wanda girmansa ya wuce misali, akan ce aikin Samudawa ne ko na aljannu. Mutanen Moriki da maƙwabtansu sun san irin wannan zance dangane da manyan kaburburan Dutsi ta ƙasar Zurmi, inda ake cewa nan sarakunan Zamfara na farko suke kwance. Manufar wannan maƙala ita ce duba ganuwar Surame, domin a gane yadda magabata suka tayar da ita da 'yan kayan aikin da suke hannunsu.

Tarihin Surame

Kufan Surame yana yamma da birnin Sakkwato. Muhammadu Kanta ne ya mayar da garin hedikwatar Kabi a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga mulkin Askiya Muhammadu na Sanwai wajen shekarar 1516. Birnin ya watse a farkon ƙarni na 18, sa'ad da Zamfarawa da Gobirawa da Asbinawa suka haɗu a kan Kabi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yaba ƙarfin wannan kufai a cikin Infaƙul Maisuri. A shekarar 1964 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa.

Yadda Aka Yi Ginin

Abu na farko shi ne, ba a je nesa neman dutse ba. Tudun da aka kafa birnin a kai cike yake da marmara. Duwatsun da suke jikin ganuwar kuwa, akasarinsu irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu za su iya ɗauka ne. Ashe ke nan girman ginin daga yawan duwatsun ya zo, ba daga nauyin kowane ɗaya ba.

Na biyu shi ne dabarar jeri. Akan yi gindin bango da faɗi, a riƙa tsuke shi yayin da yake tashi, ana cike tsakanin duwatsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Wannan aiki ba ya bukatar abin da ya wuce ƙarfen haƙa na maƙera, da kwando, da tulun ruwa, da gwanin magini.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne iko a kan jama'a. Ruwayoyin baka sun nuna Kanta yakan yanka wa kowace al'umma da take ƙarƙashinsa nata yanki na ganuwa. Har akan ce Nufawa sun makara, sai aka tilasta musu kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya maimakon ruwa. Ko da an yi wa labarin ƙarin gishiri, ya nuna mana cewa aikin ya ginu ne a kan rabon aiki da horo, kamar gayya, sai dai wannan gayyar ta dole ce. Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. Maginan tsohon birnin Zimbabuwe sun jera duwatsu ba tare da kwaɓi ba, har bango ya kai kusan mita 11. A Masar kuma, wasu takardu da aka tono a 2013 sun bayyana yadda ma'aikata suka yi jigilar duwatsun dalar Giza a jiragen ruwa.

Kammalawa

Danganta Surame ga Samudawa tauye wa magabata haƙƙinsu ne, domin yana ɓoye basirar maƙera da magina da wahalar talakawan da suka ɗauki dutse a ka. Ruwan sama da saiwoyin itatuwa suna cin bangon kowace damina, tsofaffin da suka riƙe labarinsa kuma suna ƙarewa. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattara sunayen ƙofofi da kalmomin magina da ruwayoyin da suka rage tun da sauran masu faɗa.