Haidira a Tankin Kifi: Amsar Wasiƙun Masu Sauraro

Yau wasiƙu huɗu na ware, domin duk a kan halitta guda suke magana, ko da yake wasu daga cikin masu wasiƙun ba su san sunanta ba.

Ta farko daga Barnawa ta fito, a Kaduna. Mai ita ya ce yana da tankin gilas a falo, yana kiwon ƙananan kifayen ado irin su gupi. Kifayen sun haihu, ya yi murna, ya shiga ba 'ya'yan abinci ba ƙaƙƙautawa. Sai ya fara ganin wasu abubuwa farare sirara manne a jikin gilas, kowanne da 'yan zaruruwa a kansa suna lilo cikin ruwa. Ya sa reza ya kankare, bayan 'yan kwanaki suka dawo fiye da da. 'Ya'yan kifin kuma kullum raguwa suke. Tambayarsa: tsiro ne ko tsutsa, kuma mene ne maganinsa?

To Malam, ba tsiro ba ne, ba kuma tsutsa ba. Bisa yadda ka siffanta shi, haidira ce ta sauka a gidanka. Dabba ce ta ruwan daɗi, 'yar'uwar murjanin teku da halittar nan mai laushi da ake kira jelifish. Amma ka tabbatar tukuna. Da dare ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila ta gefen tankin, ka matso da ido. Za ka ga jiki siriri wanda tsawonsa bai cika wuce santimita guda ba, gindinsa manne da gilas, samansa da hannuwa kamar biyar zuwa takwas a baje. Sai ka ƙwanƙwasa gilas da farce. Idan nan take ta tsuke ta koma ɗan ɗigo, bayan ɗan lokaci ta sake miƙewa sannu a hankali, to ita ce. Gansakuka ba ta tsukewa. Idan kuwa abin sulalewa yake a kan gilas, jikinsa a shimfiɗe, wannan tsutsar filanariya ce, zancenta daban.

Ginin jikinta ba wuya. Bututu ne mai bango biyu na ƙwayoyin halitta, da wani abu mai yauƙi a tsakani. Ba ta da ƙwaƙwalwa, ba zuciya, ba jini, ba ido. Jijiyoyinta a warwatse suke ko'ina a jiki. Ƙofa ɗaya gare ta, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne idan ba ci take yi ba, bakin a liƙe yake ruf, sai ta tashi cin abinci take yage shi, in ta gama ya sake haɗewa. Kada kuma zamanta wuri ɗaya ya ruɗe ka. Tana tafiya: ta lanƙwasa ta dafa da hannuwa, ta ɗaga gindi ta yi alkafura ta sauka gaba. Wani lokaci ta saki gilas ɗin ruwa ya ɗauke ta.

Yanzu ga abin da ke cin 'ya'yan kifinka. A jikin hannuwan nan akwai dubban ƙwayoyi masu harbi. Kowace tana ɗauke da ɗan ƙoƙo, a cikinsa zare ne a naɗe. Da zarar ƙaramin abu ya gifta ya taɓa, sai ƙoƙon ya fashe, zaren ya fito. Iri huɗu ne a jikin haidira: wani ya huda ya zuba dafi, wani ya nannaɗe ƙafafun abin da aka kama, sauran na kariya ne da na manne wa wuri lokacin tafiya. Masana a Jamus sun auna saurin harbin a 2006, suka samu farkonsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Ɗan kifin da aka haifa jiya ina zai iya da wannan? Ruwan da ke fita daga raunin abin da ta harba yana ɗauke da wani sinadari mai suna gulutatayon, shi ke sanar da ita cewa abinci ya samu, sai hannuwan su lanƙwaso zuwa baki. Tun 1955 wani masani ɗan Amurka, Loomis, ya gano haka.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Maradi. Ta ce yaranta na tsoma hannu a tankin babansu, an kuma ce mata wannan abu yana harbi. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Harbin haidira ba ya huda fatar mutum. Manyan kifaye ma ba ta iya musu komai, sai dai su ji ɗan zafi su kauce. Hatsarinta a kan 'ya'yan kifi ne sababbin haihuwa da 'ya'yan jatan lande. Yaran dai su riƙa wanke hannu bayan sun taɓa ruwan tanki, don wasu dalilan na tsafta.

Mu koma kan rezar Malam na Barnawa, domin wasiƙa ta uku ta shafe ta. Wani ɗalibi ne daga Zariya ya ce malaminsu ya gaya musu haidira ba ta mutuwa, ko an yanka ta. Yana so ya ji gaskiyar magana.

Ɗalibi, labarin yankan tsoho ne. A 1740 akwai wani mutumin Janeba mai suna Abraham Trembley, yana koyar da 'ya'yan wani basarake a kusa da birnin Heg na ƙasar Holan. Ya ɗebo ruwan kwata na lambun gidan, ya ga wata koriyar halitta a ciki, ya rasa ko tsiro ce ko dabba, tambayar dai da Malam na Barnawa ya yi mana yau. Sai ya ce bari ya raba ta biyu: in kowane yanki ya toho, tsiro ne, tunda a sanin lokacin dabba ba ta yin haka. Ya yanka. Yankin kai ya fitar da gindi, yankin gindi ya fitar da sabon kai da hannuwa. Amma ga shi tana tafiya, tana farauta, tana haɗiya. Trembley bai tsaya nan ba. Ya yanyanka ta gunduwa-gunduwa, ya tsaga kanta har ta yi kawuna da yawa, ya kuma sa gashin alade mai kauri ya juya cikinta waje, ta rayu. Ya buga sakamakon a 1744, kuma a 1758 wani masani, Linnaeus, ya ba ta sunan haidira, wato sunan dodon tatsuniyar Girkawa mai kawuna da yawa. Daga baya, a 1972, masana a Tubingen ta Jamus suka wargaza jikinta zuwa ƙwayoyi ɗai-ɗai, suka dunƙule su wuri guda, dunƙulen ya shirya kansa ya zama haidira.

Kun ga ke nan abin da reza ta yi a Barnawa. Malam, duk kankarar da ka yi, shuka ka yi.

Sirrin yana tsakiyar jikinta. Ƙwayoyin da ke wurin ba sa daina rabuwa, sababbi na tura tsofaffi zuwa kan hannuwa da gindi inda suke zubewa, ta yadda cikin kusan mako uku jikin ya sabunta. Daniel Martinez na Kwalejin Pomona a Kalifoniya ya yi shekara huɗu yana bin wasu haidira, ya wallafa a 1998 cewa bai ga alamar tsufa a tare da su ba. An maimaita aikin da haidira sama da 2,000 tare da wata cibiyar Max Planck da ke Rostock, sakamakon ya fito a 2015, ya kuma tabbatar da na farko. To amma ɗalibi, rashin tsufa daban, rashin mutuwa daban. Yunwa na kashe ta, zafi na kashe ta, kifi na cinye ta. Har ma akwai wani nau'i mai ruwan ƙasa wanda idan sanyi ya sa shi yin ƙwai, tsufa ke kama shi ya mutu. Malaminku ya faɗi rabin zance ne.

Wasiƙa ta huɗu daga wani mai ƙyanƙyasar tarwada take, a wajen Kano. Ya ga irin wannan abu a bangon tankin 'ya'yan kifinsa, wani abokin sana'a ya ce ya zuba maganin tsutsar awaki. Yana neman shawara. Alhaji, amsarka da ta Malam na Barnawa ɗaya ce, don haka ku saurara tare.

Ruwa ba ya tsami banza. Haidira kan shigo ne a maƙale da ciyawar ruwa, ko icce, ko dutse, ko ruwan tafki da aka ɗebo, ko abinci mai rai. Ƙwanta ma yana da ɓawo mai jure bushewa. Guda biyu ko uku na iya zama a tanki wata da watanni ba wanda ya lura. Abin da ke sa ta cika wuri shi ne ƙoshi. Idan ta ƙoshi, wani ƙullutu ke fitowa a gefen jikinta, ya yi hannuwa, ya yi baki, cikin 'yan kwanaki ya ɓalle ya zama mai zaman kansa, shi ma ya fara fitar da nasa. Abincin da ta fi so kuwa shi ne wanda kuke ba 'ya'yan kifi, wato atemiya da ƙananan ƙwarin ruwa. Alhaji, ka duba bangon tankinka jim kaɗan bayan ka zuba atemiya. Za ka ga cikin kowace haidira ya kumbura ya koma ruwan lemo. Kuɗinka ne a cikin nan.

Saboda haka ni a ganina magani na farko a hannun mai ba da abinci yake. A rage yawa, a ba da abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, a zuƙe saura da siririn tiyo. A tankin ado mai manyan kifaye, a iya tsallake abinci na kwana biyu ko uku ba abin da zai same su. Wannan hanya na son haƙuri, musamman idan haidirar koriya ce, domin ita akwai gansakuka 'yar mitsitsiya mai suna kulorela da ke zaune cikin ƙwayoyin jikinta tana yi mata abinci da haske. Irin wannan sai an haɗa da rage mata fitila. Wadda ke kan gilas kuma a tsotse ta da tiyo ta fita tare da ruwa, kada a murje ta a ciki.

Akwai masu cin ta. Kifin gurami mai ɗigo uku da kifin da ake kira faradais sun yi suna a wannan aiki, moli ma na taɓawa, haka wasu katantanwa na tafki. Sai dai gurami ba ya bambanta haidira da ɗan gupi, duka abinci ne a wurinsa, don haka a kwashe 'ya'yan kafin a saka shi. Kuma in ka ƙosar da shi ba zai waiwayi haidira ba.

Sai zafi da gishiri. Masu kiwo kan kwashe kifi da katantanwa, su ɗaga zafin ruwa ya haura digiri 40 na kamar awa biyu, sannan su zuƙe ƙasan tankin su sauya ruwa. Gishiri kuma giram 3 zuwa 5 a kowace lita na kusan mako guda; gupi da moli na jure shi, amma ciyayi da yawa ba sa so. Ga mai ƙyanƙyasa, abin da ya fi duka sauƙi shi ne tsakanin zubi da zubi: a zubar da ruwa, a wanke tanki da ruwan gishiri mai ƙarfi, a ɗauraye, a bar shi ya sha rana, a kuma tace ruwan da ke shigowa idan daga tafki ko kogi yake.

Maganar abokin sana'arka tana da tushe, Alhaji. Fenbendazol, wanda ake ba karnuka da awaki don tsutsar ciki, yana kashe haidira cikin 'yan kwanaki. Masu tankin ado a Amurka kan sa kusan giram 0.1 na garin da ake yi wa karnuka a lita 38. Amma ƙarfin na ruwa da ake sayarwa don awaki daban ne, kuma ba kowane maganin tsutsa ne fenbendazol ba. Fenbendazol ɗin ma yana kashe wasu katantanwa, yana daɗewa a cikin yashin tanki, gawarwakin da ya bari kuma na ɓata ruwa in ba a sauya ba. Tarwada abincin mutane ce, don haka ban yarda ka zuba mata wani magani da ka ba, sai da likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi. Magunguna masu ɗauke da jan ƙarfe kuwa, Malam na Barnawa, in kana da jatan lande ko katantanwa ka nisance su, kada garin neman gira a rasa ido.

Abu na ƙarshe gare ka Alhaji: idan 'ya'yan tarwada na mutuwa da yawa dare ɗaya, kada ka ɗora wa haidira laifin duka. Ita ɗai-ɗai take kamawa, kuma da sun yi 'yan makonni sun fi ƙarfinta. Ka fara auna iskar ruwan da ammoniya. Duk sabuwar ciyawar da wani cikinku ya sayo kuma, ya ajiye ta a bokiti daban na mako biyu, yana haska ta da tocila, kafin ta shiga tanki.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya a kan farin ɗigo a jikin kifi, wasiƙarka ta iso, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.