Amsoshin Tambayoyinku: Ina Gwanayen Magina?

Wani mai sauraronmu, magini daga Zariya, yana tambaya: me ya sa 'yan kwangila a Abuja da Legas suke ɗauko masu shimfiɗa tayil daga Togo da Benin, alhali matasanmu na zaune?

To Malam, mun gode. Haƙiƙanin al'amari, sana'ar hannu, wadda a da yaro kan shafe shekaru gaban maigidansa yana koyo har a yaye shi, ta yi ƙarancin masu haƙurin koyo, domin ladan yini ba ya riƙe iyali, ga hawan bene ba kariya, har matashi ya gwammace acaɓa. A Togo da Benin kuwa, galibi sai mai koyo ya cika shekarunsa ake yaye shi. Muna roƙon 'yan kwangila su kyautata lada, su tanadi kariya.