Ƙahon Rago a Katin Gaisuwa na Yahudawa

A watan Satumba ko farkon Oktoba, Yahudawa sukan aika wa juna katin gaisuwar Rosh Hashana, wato sabuwar shekararsu. A jikin katin mukan ga tuffa da zuma, alamar fatan shekara mai daɗi. Amma zanen da ya fi nauyi a ganinmu shi ne ƙahon rago, wanda suke kira shofar. Yana tuna musu da ragon da Ibrahim ya miƙa a maimakon Ishaku (Farawa 22), labarin da mu ma muke karantawa a daren Ista. Busarsa kuwa kira ce zuwa ga tuba: kwana 10 na binciken zuciya da neman gafarar maƙwabci, har zuwa Yom Kippur, Ranar Kafara.