Darasin Lafiya: Zuciya da Jiki Tafiyarsu Ɗaya Ce

Abin karantawa: 1 Sarakuna 19:1-8.

Garin Aliero, cikin Jihar Kebbi, ya yi suna da abu biyu, albasa da ɗori. Daga Jega da Maiyama, har daga garuruwa masu nisa, a kan kawo wanda ya karye a kan babur ko cikin mota. Mai ɗori ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashi, ya ɗaure da karare. Sauran aikin kuwa na mai karaya ne, gama sai ya kwanta mako shida ko takwas, wani lokaci fiye da haka, yana jiran ƙashi ya kama.

A ce mutum biyu suna kwance a ɗaki ɗaya. Na fari ya bar albasarsa a ajiye, yana tsoron ta ruɓe kafin ya tashi, ga kuma bashin taki a wuyansa. Ba ya barci, tuwo ba ya shiga, kullum yana so ya taka ƙafar tun lokaci bai yi ba. Na biyu shi ma yana da bashi, amma ƙanensa ya ɗauki aikin gona, 'yan'uwa suna zuwa gaishe shi, yana ci yana barci. Wane ne a cikinsu ya ke taimakon jikinsa? Darasinmu na wannan wata ke nan.

1. Abin da damuwa ta ke yi wa jiki

Sa'anda mutum ya ga maciji a gona, kafin ya yi tunani jikinsa ya riga ya shirya. Akwai wasu 'yan tsoka biyu a bisa ƙoda, su ne su ke zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adiranalin. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, jini ya ruga zuwa hannu da ƙafa, ciki ya dakata da narkar da abinci. Wannan baiwa ce, domin mutum ya gudu ko ya kāre kansa. Wani masani a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan a shekara ta 1915.

Maciji ya kan wuce, jiki ya koma daidai. Amma bashi ba ya wucewa cikin minti biyar. Manomin da ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa a fadamun Kebbi, da ɗan kasuwar Jega wanda kuɗin kayansa ya faɗi, da uwar da ɗanta ya tafi ci rani ba labari, dukansu jikinsu ya kan zauna a shirye dare da rana kamar macijin yana nan. A shekara ta 1936 wani likita a Kanada, Hans Selye, ya nuna cewa dabbar da a ka bari cikin wahala ba hutawa ta kan yi gyambon ciki, gaɓoɓin da ke tsare ta daga cuta kuma su motse. Ga mutum, doguwar damuwa ta kan kawo ciwon kai, da ciwon wuya da baya, da rashin barci, ta kuma taimaki hawan jini. Kakanninmu sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ashe har ciki da jijiya su ma suna ba da labarin.

2. Abin da a ka gwada

A shekara ta 1995 masana a jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka gwada mata 26. Rabinsu suna jiyyar tsofaffin da hankalinsu ya gushe, aiki mai cin rai, rabin kuwa ba su da wannan nauyi. A ka yi wa kowace ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu. Raunin masu jiyya ya ɗauki wajen kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke. Rauni ɗaya ne, bambancin yana ga nauyin da ke cikin zuciya.

A ƙasarmu ma an ga haka. A shekara ta 1954 Likita Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai a ka saukar da su a gidajen ƙauyukan kewaye, kowa tare da wani nasa. Da rana su je asibiti shan magani, da yamma su koma cikin mutane. Labarin wannan tsari ya kai ƙasashe da yawa. Lambo ya gane magani ya fi ci in mutum yana tsakiyar waɗanda su ke ƙaunarsa.

3. Labarin Iliya

Ku duba abin karantawa. Annabi Iliya ya gudu daga Jezebel, ya yi tafiyar yini cikin jeji, ya zauna gindin itace, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai fara da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwanciya, ya sake ci. Sai bayan wannan Iliya ya sami ƙarfin tafiya zuwa Horeb inda Ubangiji ya yi magana da shi. Wanda ya halicci zuciya shi ya halicci jiki, ya kuwa lura da su duka biyu. Saboda haka kada ɗan'uwa ya ji kunya ya ce ya gaji, kada kuma mu ce da shi bangaskiyarsa ce ta kāsa.

4. Abubuwa biyar da kowa zai iya yi

Na fari, numfashi a hankali. Babban mutum a zaune ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti ɗaya. Ka zauna, ka ɗora hannu a ciki, ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida. Wannan zai zama wajen sau 6 a minti. Sa'anda iska ta ke fita a hankali, bugun zuciya ya kan ragu. Ka yi haka minti biyar. Wanda ke kwance da karaya ma zai iya, zafin kuma ya kan yi sauƙin ɗauka gama naman jiki ya saki.

Na biyu, zaman shiru. Wani likitan zuciya na jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya buga littafi a shekara ta 1975 a kan wannan. Ya ce mutum ya zauna wurin da ba hayaniya minti 10 zuwa 20, yana maimaita kalma ɗaya ko gajeriyar addu'a a ransa. In tunani ya ɗauke shi, ya komo ba tare da fushi ba. Ya auna ya ga bugun zuciya da numfashi suna sauka. Waɗansu 'yan'uwa suna tambaya ko wannan ba shi ne yoga na mutanen Indiya ba. Gaskiya ne yoga ta fito daga addinin can. Amma numfashi da shiru na kowane ɗan Adam ne, Ubangijinmu Yesu kansa ya kan tashi da asuba ya keɓe domin addu'a. Ka zaɓi aya ɗaya da ka haddace, ita ta isa.

Na uku, barci. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye. Cikin bazara, lokacin da zafin ƙasar Kebbi ya kan wuce awo 40, hutun tsakar rana a inuwa ba ragonci ba ne. A rage goro da shayi mai kauri da dare, a kuma ajiye waya kafin a kwanta.

Na huɗu, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla minti 150 a mako. Mai ban ruwa a lambun albasa ya riga ya wuce wannan. Maganar ta mai zaman shago ce, da tela, da malamin ofis. Tafiya da sauri rabin awa, kwana biyar a mako, ta cika lissafin.

Na biyar, faɗin damuwa. Kayan da a ka ɗauka mutum biyu ba ya karya wuya. Ka nemi dattijo ɗaya ko aboki mai riƙon asiri, mace kuma ta nemi 'yar'uwa cikin zumuntar mata. Ekklesiya ta tuna gaisuwar mara lafiya ba ta ƙare da "sannu" ba. In samari huɗu suka je suka juya masa albasa suka tsince ruɓaɓɓu, sun ba shi barcin dare.

5. Gargaɗi

Waɗannan abubuwa mataimakan magani ne, ba su ɗauke bukatarsa. A nan mutane da yawa su ke tuntuɓe, har ya kai ga rasa rai.

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. In an auna sau da dama an sami 140 bisa 90 ko fiye, ka bi maganar likita. Kada ka ajiye ƙwaya domin ka ji daɗin jikinka ko domin ka yi addu'a, gama shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Ka rage gishiri da dunƙulen miya.

In ƙashi ya fasa fata ya fito, ko karayar ta baya ce ko ta wuya ko ta kai, asibiti za a nufa tun da fari. In an ɗaure gaɓa, yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko mutum ya daina jinsu, ɗaurin ya hana jini wucewa. A sassauta shi, a kai mutumin asibiti a ranar. Haƙuri a nan ya kan jawo yanke hannu ko ƙafa, yara da yawa sun rasa hannu ta haka.

In baƙin ciki ya wuce mako biyu, mutum ba ya ci, ba ya barci, ko yana zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A yi addu'a tare da shi, a kuma kai shi wurin likita. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na masu irin wannan ciwo a Kware, kusa da Sakkwato.

Tambayoyi domin bincike

1. Me ya sa bashi ya fi maciji gajiyar da jiki?
2. Waɗanne abubuwa mala'ika ya fara yi wa Iliya, me ya sa?
3. Faɗi alamu uku da za su sa a kai mai karaya asibiti nan da nan.
4. Wane ne ke kwance a unguwarku, wane aiki nasa za ku ɗauke masa cikin wannan mako?